Ma'auni a Ƙarƙashin Darbejiya

Talata, 25 ga Yuli, 2000. Bayan la'asar, unguwar Takur, Dutse.

Takardun jarrabawa ɗari biyu da sha ɗaya na kwaso daga Kano, na duba sittin, kaina kamar zai tsage. Wata uku ina tsaye gaban yaran nan ina bayanin sauyin yanayi har muryata ta dishe, yau wani ya rubuta mini wai damina ta ragu ne saboda mata sun daina rufe kai. Ɗan aji biyu a jami'a fa. Na ba shi biyu cikin ashirin, biyun ma ladan tawada ne. Darasi huɗu aka jibga mini a zangon nan: yanayi, karatun taswira, ƙididdiga, da wani na duwatsu da ba fannina ba, don kawai mai shi ya tafi ƙasar waje bai ko waiwayo ba.

Saura mako bakwai in kare kundin digirina na uku, ranar 12 ga Satumba. Shekara biyar ina fama da shi. Farfesa Abdulbaƙi, mai duba aikin, ya ce babi na huɗu shi ne ƙashin bayan komai, kuma gaskiyarsa. Babin kaf a kan littattafan mutum ɗaya ya tsaya: Baba Modibbo, tsohon malamin gona a Garin Bubayero, gaba da Jahun, wanda ke auna ruwan sama kullum tun 1966. Ko'ina ruwa ya ɗan farfaɗo bayan farin 1984, amma a littafinsa sai ƙasa yake ta yi, shekara bayan shekara. Farfesa ya kai zanen wannan raguwar taro har Turai. Suna ce masa layin Jahun, wai hamada ce ke cin tsakiyar Jigawa a ɓoye.

Ni ko ganin tsohon ban taɓa yi ba, kwafin littattafan kawai aka miƙo mini. Abin kunya ne. Jibi zan je in gaishe shi.

Alhamis, 27 ga Yuli. Bayan magariba.

Mu tara a motar da aka yi don mutum biyar, ga kaji a ƙarƙashin ƙafata har Jahun. Daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni.

Baba Modibbo dogo ne, siriri, ya haura saba'in. A zaure ya shimfiɗa mini tabarma, ya jawo wani akwatin ƙarfe ya buɗe. Littattafan rubutu irin na 'yan firamare, talatin da biyar, kowanne a naɗe cikin leda. Rubutu tsaf kamar na inji. Ko ranar da bai samu ruwa ba sai ya sa sifili ya sa hannu. Ranar da babban ɗansa ya rasu ma akwai: milimita shida.

Ya ce, “Nan Farfesa yake zama, kan tabarmar nan. Har Turawa ya kawo mini sau biyu, suka sha fura suka ɗauki hoton littattafan.”

Da aka kira azahar ya ce, “Malama Kubura, ke ai 'yar gida ce. Shiga ciki wajen Goggonki ki yi salla.”

Na shiga. Goggo Mu'minatu, matarsa, ta miƙo mini buta, ta nuna mini inda zan tsuguna.

Na ga ma'aunin da idona.

Sau biyu na yi alwala, don na manta ko na wanke fuska.

Juma'a, 28 ga Yuli. Azahar.

Na ture tuwon gefe. Na ce wa mijina, Abban Amina, ciwon kai ne.

Lahadi, 30 ga Yuli. Hantsi.

To, bari in rubuta, tunda takarda ba ta da baki.

Ma'aunin yana tsakar gida, a ƙarƙashin darbejiya. Ba kusa da ita ba, ƙarƙashinta. Ƙatuwar bishiya, rassanta sun yi masa rumfa ruf, har da busassun ganye biyu a bakin mazurarin. Ɗan aji ɗaya ya san ba a sa ma'aunin ruwa inda wani abu zai tare sama. Ni da kaina nake koyar da wannan a makon farko.

Goggo ce ta ba ni labarin tana tsince shinkafa, ba ta ma san me take faɗa mini ba. Wani Baturen gona ne ya kafa shi, lokacin wurin fili ne fetal a bayan gida, ya ce wa Baba kada ya kuskura ya gusa shi ko da taki ɗaya, in ya gusa aikin ya ɓaci. Iyali suka ƙaru, aka faɗaɗa katanga, ma'auni ya koma cikin gida. A 1986 aka yi gangamin dashen itatuwa don tare hamada, Baba ne ke rabon irin a yankin, sai ya dasa ɗaya a gidansa don a yi koyi da shi. Ya dasa ta dab da ma'aunin, saboda kullum da safe in ya gama auna ruwan sai ya juye mata shi, kada ya zubar a banza. An ce kada ya gusa gwangwani, bai gusa ba. An ce sare bishiya laifi ne, bai sare ba. Duk abin da hukuma ta ce ya yi.

Bishiya na girma, layin Jahun na gangarawa. Hamadarmu ke nan.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne yadda ba wanda ya gani. Gidan ba a shiga. Farfesa, da Turawansa, da ɗaliban da suka gabace ni, duk maza ne, duk a zaure suka tsaya aka fito musu da littafi. Ba wanda ya ce a nuna masa ma'aunin. Sun sha fura sun koma sun rubuta maƙala. Tir. Ni kuma da nake tir ɗin, shekara biyar ina lissafi a kan gwangwanin da ban taɓa tambayar inda yake ba, ga shi tafiyar awa ɗaya da rabi daga ɗakina.

Laraba, 2 ga Agusta. La'asar.

Yau aka ƙaddamar da shari'a a jiha. Rediyo ba ta da wata magana, maƙwabta sai barka ake yi wa juna. Allah ya sa alheri ne.

Na faɗa wa Abban Amina komai da ya dawo daga ofis. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, “Yanzu in kin cire babin, me ya rage?”

Na ce, “Bango da godiya.”

Ya ce, “To ki je ki sami Farfesa, ai shi ne babba. Wataƙila akwai gyara.”

Mutumin kirki ne mijina, shi ya sa yake zaton kowa haka yake.

Litinin, 7 ga Agusta. Kano, ɗakin malamai mata, ƙarfe biyu.

Na fito daga ofishinsa.

Ya saurare ni har ƙarshe yana yanke farce. Ƙaf, ƙaf, ƙaf, a kan teburin da ake sa hannu a digirin mutane. Da na gama ya hure guntayen ya ce, “Malama Kubura, bishiya nawa ce a Jigawa?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan a kan ma'aunin take.”

“Wa ya gani ban da ke?”

Na ce iyalin gidan.

Ya yi murmushi. “Mai jarrabawar da zai zo daga waje namiji ne. Ni ma namiji ne. Duk wanda zai bi sawun aikin nan har abada a zaure zai tsaya. Ke me ya kai ki leƙe-leƙe a gidan mutane?”

Salla ta kai ni. Ban faɗa ba.

Sai ya dawo da lallashi, wanda ya fi faɗan muni. Wai sauyin yanayi ai gaskiya ne, kowa ya sani, damina ta rikice, tafkuna sun ƙafe, to mene ne in layi ɗaya ya ɗan ƙara wa gaskiya gishiri? Ya tuna mini wa'adina shekara biyar ne, zai cika a Satumba, in ban kare ba za a soke sunana, ba sabon farawa. Ya ce kuma in maganar ta fita ba shi za a zaga ba, tsohon za a ce ya yi ha'inci, baƙauye ya yaudari malaman jami'a. “Kina so ki tozarta shi da furfurarsa?”

Akwai abu na ƙarshe da ya faɗa game da kujerata a sashe. Wannan ba zan rubuta ba.

Na ce, “Na gode, ranka ya daɗe.” Wallahi haka na ce. Har da russunawa.

Talata, 8 ga Agusta. Safe.

Na wanke mayafin da na shiga ofishinsa da shi. Ba abin da ya taɓa shi, na dai wanke.

Asabar, 12 ga Agusta. Bayan magariba.

Na ɗauko ma'aunin da muke nuna wa ɗalibai a aji, na kai Garin Bubayero, na kafa shi a fili cikin gonar gyaɗar Baba, nesa da kowace bishiya. Na roƙe shi ya riƙa duba duka biyun kowace safiya. Na ce masa gwaji ne kawai muke yi. Ya yi murna kamar an ba shi kujerar Makka, har ya kawo sabon littafi ya ja layi biyu.

In faɗi gaskiya, ba don neman gaskiya na kafa shi ba. Fata nake bambancin ya zo kaɗan, milimita ɗaya ko biyu, in samu abin da zan rufe bakin zuciyata da shi. A mota har addu'a na kama kaina ina yi, wai Allah ya sa ganyen darbejiya ba ya tare ruwa. Mai digiri biyu a ilimin yanayi ke nan.

Talata, 15 ga Agusta. Azahar.

Hadari ta gabas tun safe. Da can in na ga hadari daɗi nake ji.

Takarda ɗari da arba'in. Wata ta kwafe amsar ƙawarta har da sunan ƙawar.

Alhamis, 17 ga Agusta. La'asar.

Na je Limawa gaida Inna, na tarar ta tara mata ana zaɓen atamfar anko. Ta gama gaya wa unguwa kaf 'yarta za ta zama Dakta. Wata tsohuwa har ta nuna mini kumburin ƙafarta. Na ce ba irin wannan daktan ba ne, ta ce ai duk ɗaya ne. Inna ta ce in zaɓa tsakanin kore da ruwan goro. Na ce duk wanda ta ga dama.

Kore suka ɗauka, mai zanen ganye.

Asabar, 19 ga Agusta. Bayan magariba.

Ruwa uku aka yi a makon. Na gona: 34, 12, 47. Na cikin gida: 21, 5, 33.

Ban ma kai ga tambaya ba. Yana zaune a zaure da littafin a buɗe kan cinyarsa, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya juyo mini da shi.

Ya ce, “Malama, ni ba yaro ba ne. Tun safiyar farko na gane. Na auna na gona, na shigo na auna na gida, na ɗaga kaina sama. Shekara goma sha huɗu ina tsayawa a wurin nan kullum, ban taɓa ɗaga kai ba.”

Na fara kame-kame, wai ba laifinsa ba ne, wai umarni ya bi. Ya ɗaga mini hannu.

“Ran nan a kasuwar Jahun malamai suka yi wa'azi a kan masu tauye mudu, aka ce yanzu za a riƙa bi rumfa-rumfa ana dubawa. Ina tsaye ina gyaɗa kai, ina cewa Allah ya shirye su. Ashe ni ne babbansu. Su hatsin mutane suke tauyewa. Ni abin da Allah ya saukar na rage, na rubuta, na sa hannu, aka kai duniya aka ce ga abin da ya ba mu.”

Goggo ta leƙo daga ƙofar ciki da kwanon fura. Ta ce, “Ni fa na daɗe da sanin ruwa ba ya sauka sosai a gindin nan. Ba a nan nake ajiye itacen girki ba da damina?”

Ya ce, “Me ya hana ki faɗa?”

Ta ce, “Wa ya tambaye ni?”

Na so in yi dariya. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta riga Farfesa da Turawansa sani da shekara goma, tana ta shanya iccenta a kan hujjarmu.

Ya tambaye ni tun wace shekara lambobin suka lalace. Na ce wajen 1988, da rassan suka fara kaiwa. Ya ware littattafai goma sha uku ya ajiye gefe, can nesa da sauran, kamar kwanon da kare ya sa baki.

Litinin, 21 ga Agusta. Safe.

Bara na ba wata ɗaliba, Nusaiba, sifili saboda ta zauna a ɗaki ta ƙirƙiro awon zafin rana na mako biyu. Na tsayar da ita gaban aji na yi mata huɗuba, na ce wanda ya ƙaga lamba ɗaya ya ci amanar duk wanda zai karanta. Ta yi kuka. Ta maimaita shekara.

Ban san me ya tuno mini da ita ba. Ƙarya nake, na sani.

Alhamis, 24 ga Agusta. La'asar.

Ya zo. Da ƙafarsa, tsohon nan, mota biyu, ya yi ta tambaya a Takur har aka nuna masa gidanmu. Ya ƙi shiga, a ƙofar gida ya tsaya. Ruwa kawai ya sha. Ya zaro takarda daga aljihun gaba, a ninke huɗu, ya ce in karanta a gabansa ko akwai kuskure.

Na kwafe ta nan don kada wata rana in ce ban tuna ba:

“Zuwa ga manyan malamai masu jarraba Malama Kubura. Bayan gaisuwa. Ni Modibbo na Garin Bubayero ina shaida muku cewa awon ruwan da na rubuta daga 1988 zuwa bana ba daidai ba ne, ya gaza abin da aka yi, saboda bishiya ta rufe ma'aunin ban lura ba. Kada a yi aiki da shi. Na kafin nan yana da kyau. Laifin nawa ne, ba na yarinyar nan ba, ita ce ma ta gano. Ina neman gafarar duk wanda ya dogara da shi.”

Ya sa hannu, irin sa hannun da ke ƙarƙashin kowane sifili.

Ya ce, “Ki karanta musu ranar, da bakinki, a gaban kowa. Ni ba zan iya zuwa ba, ba a san ni ba a can. Ba na so in kwanta a kabari da shaidar zur a wuyana.”

Bai san abin da takardar za ta yi mini ba. A zatonsa yabo za ta jawo mini. Na buɗe baki in yi masa bayanin wa'adi da soke suna, na dubi takalminsa na roba duk taɓo, na fasa.

Na ce, “To, Baba.”

Ya ce, “Kin ɗauka?”

Na ce, “Na ɗauka.”

Lahadi, 27 ga Agusta. Azahar.

Tana cikin jakata, aljihun ciki.

Laraba, 30 ga Agusta. Hantsi.

Na gama takardun yara. Arba'in da uku sun faɗi. Na zauna ina kallon jan biron, ina tunanin wa ya ba ni.

Abban Amina ya ce, “Ki yi abin da za ki iya kwana da shi.” Sannu da ƙoƙari. Da wanne zan iya kwana? In karanta, shekara biyar ta bi ruwa, in koma ina koyar da darasi huɗu da digiri biyu har in tsufa, in Farfesa ma ya bar ni. In ƙi karantawa kuma.

Ya ce ko me na zaɓa yana bayana. Na fi so ya daka mini tsawa.

Litinin, 4 ga Satumba. Kano, ƙarfe ɗaya.

Na gwada hanyar matsorata. Na ƙara layi biyu a ƙasan shafi na 118, da ƙananan baƙaƙe, cewa akwai yiwuwar wurin da ma'aunin yake ya shafi awon shekarun baya-bayan nan. Yiwuwar. Ni da na ga iccen Goggo a bushe.

Ko wannan bai bari ba. Ya ja masa jan layi, ya ce, “Kada ki tsokano tsuliyar dodo.” Sannan ya tambaye ni lafiyar Inna, ya ce ya ji ana shirin walima, Allah ya sa da shi za a ci shinkafa.

Ban nuna masa takardar ba. Na ce wa kaina dabara ce, in ya gani zai san yadda zai toshe, gara in fito da ita ranar ba zato. Har na ji daɗin wannan tunanin na kusan awa ɗaya.

A bakin sashe an liƙa sanarwar wani taro a kan hamada. Ga layin Jahun a jiki, an buga shi da ja, yana gangarawa abinsa.

Alhamis, 7 ga Satumba. Safe.

Tana cikin jaka.

Asabar, 9 ga Satumba. La'asar.

Tela ya kawo ɗinki. Ya yi mini daidai, abin haushi.

Na karanta ta a bayyane a ɗaki, ni kaɗai, don in saba. Daƙiƙa hamsin take ci. Na auna da agogo.

Litinin, 11 ga Satumba. Kano, bayan magariba.

Gobe. Na fitar da ita daga aljihun ciki na sa ta a cikin kundin, daidai farkon babi na huɗu, yadda ba zan iya buɗewa ban gan ta ba.

Talata, 12 ga Satumba. La'asar.

Su biyar ne a teburin. Mai jarrabawar daga waje dattijo ne mai farin gilashi, ba ya murmushi, kuma ya karanta aikin da gaske, shafi-shafi. Na so a ce bai karanta ba.

Da aka zo babi na huɗu na buɗe, na ɗora tafin hannuna a kan shafin.

Ya ce abin ya ba shi mamaki, tasha ɗaya ta saɓa wa duk maƙwabtanta. Ya cire gilashin ya dube ni. Ya ce, “Malama, kin je kin ga ma'aunin nan da idonki? A fili yake, ba abin da ya tare shi?”

Farfesa yana duban silin.

Na ba da amsa.

Awa biyu aka yi gaba ɗaya. Aka ce in fita, aka kira ni, aka miƙe tsaye. Gyare-gyare kaɗan, na rubutu. Dattijon ya ce ya yaba da yadda na je har ƙauye na tabbatar da kaina, wai matasan yanzu ba sa yi.

A baranda Farfesa ya rage murya ya ce, “Kin gani? Ba wuya, Dakta.”

Na shiga banɗakin mata na daɗe.

Laraba, 13 ga Satumba. Safe.

Kalma ɗaya ce. Ko numfashi ban ja ba kafin in faɗe ta.

Asabar, 16 ga Satumba. Bayan magariba, Limawa.

An yi walima. Kore ko'ina. Inna ta yi kuka, ta ce da mahaifina na raye. Farfesa ya zo, ya ci shinkafa faranti biyu, ya yi jawabi a kan riƙon amana a harkar bincike. An tafa.

Abban Amina bai tambaye ni komai ba tun ranar Talata. Ya ga jakar, ya ga fuskata, ya yi mini barka kamar kowa. Duk wanda ya ce Dakta sai in ji kamar ƙuda ya faɗa mini a baki.

Talata, 19 ga Satumba. Azahar.

Mai kula da kayan sashe ya aiko a dawo da ma'aunin aji kafin a koma karatu. Dole in je. Na nemi wanda zan aika, na rasa bakin da zan aike shi da shi.

Alhamis, 21 ga Satumba. Bayan magariba.

Tun daga nesa na hango shi a ƙofar zaure. Goggo ta ce tun ranar sha biyu ga wata kullum nan yake wuni, duk ƙarar babur sai ya miƙe. Ya rame. Ta ce abinci ma sai ta yi da gaske.

Na shirya magana a mota tun daga Dutse, tiryan-tiryan. Zan ce Baba ban karanta ba, na ji tsoro, ga takardarka, ka yafe mini ko kada ka yafe. Har Jahun ina maimaitawa.

Bai bari na zauna ba. Ya ce, “'Yata, kin karanta musu?”

Idonsa duk ya faɗa.

Na ce, “Na karanta, Baba.”

“A gaban kowa?”

“A gaban kowa.”

“Me suka ce?”

Na ce sun gode. Na ce sun ce samun mai gaskiya irinsa sai an tona. Na ce an cire shekarun goma sha uku, ba wanda zai ƙara aiki da su. Ban san daga ina maganar take fitowa ba, sai zuba take yi, sumul, har da abin da dattijon mai gilashi wai ya ce a gaishe shi.

Ya zauna a hankali kan tabarma. Ya rufe fuska da tafukansa, ya daɗe, kafaɗunsa na motsi. Da ya buɗe sai ya ƙwala wa Goggo kira ya ce ta kawo masa tuwon da ya bari, yunwa yake ji.

Ya ce, “Wata guda ban yi barcin kirki ba. Kin sauke mini dutse. Yanzu ko yau aka kira ni, na tafi da sauƙi.”

Sannan ya ɗaga hannu, Goggo ma ta ɗaga daga bakin ƙofa. Ya ce yadda na wanke shi a gaban mutane Allah ya wanke ni ranar da ba mai wanke wani. Ya ce Allah ya ba ni ɗalibai masu riƙe mini amana kamar yadda na riƙe tasa. Ya ce Allah ya yi mini sakayya daidai da abin da na yi, kada ya rage ko ƙwayar zarra.

Suka shafa, suna jirana.

Na ce amin.